Ba a fafe gora ranar tafiya: asusunmu da watannin yunwa a ƙasar Azarori

 

Damma sun shigo gida, sabon hatsi da wake sun cika kasuwa, fuskar kowa a sake. A irin wannan lokaci ne ƙungiyoyi da yawa suke buɗe akwati su raba kuɗin shekara, mu ma a ƙungiyarmu haka muka saba. Amma bara waccan, bayan an gama rabo, ma'ajiyarmu ta jefo mana wata tambaya: kuɗin da muke rabawa a watan Nuwamba, ina suke shiga kafin watan Yuli? Aka yi tsit, sannan aka fashe da dariya, don kowacce ta san amsa. Zanen anko, gudummawar biki, kwanonin ɗiya, takalman yara. Babu wadda ta yi almubazzaranci a cikinmu, duk lalura ce. Sai dai idan damina ta tsaya, mu ɗin nan da muka ƙirga jikkuna a tabarma mu ne muke fita barema a gonar wani, ko mu je cin bashin tiya biyu wurin mai shago.

Daga wannan zama muka gane wani abu da muke so mu tattauna da ku. Talaucin ƙasarmu yana da watanninsa, kamar yadda zazzaɓi yake da nasa. Ba ya zuwa ba zato. Mun san ranar da yake sallama, mun san ƙofar da yake shigowa. To me ya sa akwatinmu yake wofi daidai lokacin da yake isowa?

Ƙasar da muke zaune

Azarori ƙaramar hukuma ce a gundumar Madawa, cikin jihar Tawa, tare da Madawa kanta da Bangi da Galma da Urno da Sabon Gida. Hausawa da Abzinawa da Fulani muna cin kasuwa ɗaya, muna jan ruwa a rijiyoyi ɗaya. Idan aka bi hanya daga Madawa aka nufi Buza da Kaita har Tawa, abin da ido yake gani iri ɗaya ne: duwatsu da fako a sama, ƙoramu suna gangarowa, sai fadamu a ƙasa, irin su Tarka da Majiya, inda albarkar take.

Wadda gonarsu take kan tudu ta san sau ɗaya ake noma a shekara, cikin wata uku zuwa huɗu na ruwa. Wadda suke da rabo a fadama suna da noman rani, amma fadama ba ta ishi kowa ba, kuma kowace shekara ƙorama tana cin bakin gonaki tana zuba yashi a kansu. Ga shi muna ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 a jihar Tawa kaɗai, kuma tun lokacin ba raguwa muka yi ba. Gonar da kaka ya noma shi da ƴaƴansa, yau jikoki goma suke rabonta, hutun da ake ba ƙasa a da kuma ya ƙare. Shi ya sa gidaje da yawa, ko damina ta yi kyau, hatsinsu ba ya kai su wata damina.

Shekara a idon mace

Mu bi shekara daki-daki yadda muke rayuwarta.

Da kaka komai yana da araha, kuma a lokacin ne kowa yake neman kuɗi. Mai bashin damina ya zo karɓa, sau da yawa da hatsi ake biyan shi. Lakkol ta buɗe a Oktoba, ana neman littafi da alƙalami da tufafi. Bukukuwan da aka ɗage sai kaka sun taso. Maigida yana neman kuɗin mota. Sai a kai hatsi da wake kasuwa ranar da kowa ya kai nasa, a sayar yadda ɗan kasuwa ya ga dama.

Da ɗari maza su tafi cin rani. Mutanen Adar sun daɗe da sanin hanyar Sakkwato da Kano da Legas, da Abijan, da Agadas har Libiya. A gidaje da yawa maigida yakan rufe rumbun gandu kafin ya tafi, don a samu abin ci lokacin noma. Ke nan daga nan har bazara tukunya tana kan ɗan abin da mace ta samu a gamanarta, da sana'ar hannunta, da abin da aka aiko idan an aiko.

Da bazara rijiyoyi su ja baya, rabin yini ya tafi a neman ruwa da itace. Awaki su rame, kuɗinsu ya faɗi, daidai lokacin da muke so mu sayar da su mu sayi hatsi.

Sai damina. Rumbu ya kusa ƙasa, tiya ta yi tsada, aiki ya fi na kowane lokaci nauyi. Nan ne ake rage kwano, a koma garin rogo da tafasa da jiga, a shekarar wahala har da anza. Nan ne mutum yake barin gonarsa da ciyawa ya tafi noman ta wani don abin tuwon dare, gonarsa kuma ta ba shi kaɗan da kaka, shekara mai zuwa ya sake komawa barema da wuri. Nan ne kuma sauro yake yawa. Yaron da bai ƙoshi ba zazzaɓi ya kama shi, daga Agusta zuwa Oktoba gidajen likita su cika da iyaye mata.

Manyanmu ba su manta 2005 ba, shekarar da ta biyo bayan fari da fara na 2004. A shekarar nan hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan a buhuna, kuɗinsa ne ya ninka har ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya sayar da kaka shi ne ya dawo yana kallon hatsi ba halin saye. Haka aka sake gani a 2010 da 2012. Darasin a fili yake: yunwar ƙasarmu sau da yawa ba rashin abinci ba ce a gari, rashin kuɗi ce a hannu cikin watan da ya dace.

Albasa ma haka take

Kada a ce masu fadama sun tsira. Albasarmu ta yi suna, ja ɗin nan da duniya ta sani da sunan Galmi, ana lodinta a manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa da Togo da Benin. Amma ku dubi yadda take tafiya. Manomi ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa. A Maris da Afrilu kowa ya cire tasa a lokaci ɗaya, buhuna su yi tsibi a bakin hanya, kuɗi ya faɗi ƙasa. Mai bashi yana tsaye, dole a sayar. Wanda yake da ƙarfin ajiyewa a rudu har ƙarshen damina, shi yake cin ribar guminmu, ko da wani kashi ya ruɓe masa. Mu mata da muke dashe da cira da yankan ganye da shanya gabu, ladan yini muke tashi da shi.

Wato ko hatsi ko albasa, magana ɗaya ce. Mai iya jira shi ne mai riba. Talaka ba ƙarancin wayo ne da shi ba, jira ne ba ya iyawa.

Idan iyaka ta rufe

A da mukan ce idan gona ta gaza, cin rani zai rufa asiri. Shekarun nan sun nuna mana wannan igiya ma tana tsinkewa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, hanyar Benin kuma ta toshe wa masu fitar da kaya. Naira ta faɗi, kuɗin da maigida ya yi wata shida yana tarawa a Kano idan aka canza su zuwa sefa sai su zama abin tausayi. Ga rashin tsaro a dajin Sakkwato da Zamfara, wanda ya koro ƴan uwanmu har suka samu mafaka a ƙasar Bangi. A 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje a faɗin ƙasa har aka ɗage komawa lakkol zuwa ƙarshen Oktoba.

Ba mu muke rufe iyaka ba, ba mu muke buɗe ta ba. Amma idan waya ta yi shiru wata biyu ba aike, a gaban murhunmu ake jin shirun.

Abin da iyayenmu mata suka bar mana

Kada wannan lissafi ya karya mana zuciya, don ƙasar nan tana da shaidar abin da hannun mace yake iyawa.

Ku tambayi tsofaffin Kaita da Tamaske da Ibohaman da Garhanga. A 1984, cikin tsakiyar babban fari, aka fara aikin raya ƙasar Kaita da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ana biyan masu aiki da abinci. Maza sun tafi neman abin kai wa baki, saboda haka mafi yawan waɗanda suka ɗauki dutse a ka, suka jera shi a gangare, suka haƙa ramuka a kan fako, mata ne. An dasa miliyoyin itatuwa, an farfaɗo da dubban hekta, an yi madatsun ruwa. Motocin aikin sun daɗe da tafiya. Itatuwa da dama suna nan, akuya tana cin ganyensu, mace tana samun itace kusa da gida.

Ku dubi fadamar Majiya a ƙasar Buza. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da mutanen garuruwa suka fara jera layukan bedi don tare iskar da take kwashe ƙasa tana binne shuka. Wanda ya bi ta wurin ya ga layukan da idonsa.

Sannan asusun nan namu. A 1991 aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi, da tallafin CARE, aka ɗora shi a kan adashen da muka gada. Ba a kawo wa matan farko ko dala ba. An kawo tsari ne kawai: a zuba kowane mako, a ba da rance a gaban kowa, a riƙe doka, a raba a ƙarshen zagaye. Daga ƙauyukan Maradi tsarin ya bazu Nijar duka, ya tsallaka ƙasashen Afirka da dama har wajenta, yau miliyoyin mutane suke aiki da dubarar da matan Hausa suka fara gwadawa.

Abin da ya haɗa ukun nan shi ne, duk aikin da ya zauna a hannun mutanen gari ya rayu bayan masu kawo shi sun tafi. Injin niƙa nawa muka gani an kawo da kiɗa da guɗa, bayan shekara biyu kaji suna kwana a kansa? Akwatinmu kuwa ba ya jiran kowa.

Gwajin da muka yi

To ga abin da muka yi a ƙungiyarmu bayan waccan tambaya ta ma'ajiya.

Mu ɗauki misali mai sauƙi. Mata 25, kowacce tana zuba dala 50 a mako. A mako ɗaya an tara jika 6 da dala 50. A mako 40 an tara jika 250, ban da abin da rance ya ƙaro da tarar masu makara. Idan aka raba duka da kaka, kowacce ta tashi da jika 10 da ɗoriya, kafin ɗari ya wuce sun narke. Idan kuwa aka raba rabi, aka sayi hatsi da rabi ranar da yake araha, ƙungiya ta zama ita ce mai iya jira.

Haka muka yi bara. Ba a yi shi cikin daɗi ba. Wata yayarmu da take shirin aurar da ɗiya ta ce ba za a riƙe mata guminta ba alhali ranar kunyarta ta zo, kuma gaskiyarta ne. Sai da muka yi zama uku. A ƙarshe aka yarda duk mai lalura babba a ba ta kasonta cikakke, amma ba ta da rabo a hatsin. Mata uku suka zaɓi haka, ba wadda ta zarge su. Sauran muka sayi hatsi da ɗan wake, muka samu ɗaki mai rufin kwano, muka ɗora buhuna a kan itace nesa da bango, muka sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin wata innarmu da kowa ya yarda da amanarta.

Mun yi kuskure. Waken da muka zuba a buhu na yau da kullum ƙwari suka cinye rabinsa. Da mun sayi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda yake toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba, da ba mu yi wannan asara ba. An kuma yi ƴar hayaniya a watan Afrilu, da wasu suka ga kuɗin hatsi ya fara hawa suka ce a sayar a raba. Dokar da muka rubuta tun farko ce ta raba gardama: ba a buɗe ɗaki sai an yi shuka.

Da aka yi shuka muka buɗe. Kowacce ta ɗauki kasonta, abin da ya saura muka sayar wa matan unguwa da sauƙi kaɗan a kan na kasuwa, kuɗin ya koma akwati. Ba mu yi arziki ba. Amma a cikin waɗanda suka shiga, da yawa sun yi noman farko a gonarsu maimakon ta wani, kuma ba wadda ta je wurin mai shago da kwano a ɓoye cikin mayafi. Wadda ta taɓa yin wannan tafiya ta san darajar rashin yin ta.

Kafin ku buɗe akwati bana

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta tattauna kafin ranar rabo.

Na farko, ku tambayi kanku wane wata ne ya fi matsa wa matan ƙungiyarku, ku sa wani kaso na asusu ya faɗo a wannan wata. Na masu tudu daban, na masu fadama daban, na masu kiwo daban.

Na biyu, kada ku zuba duka a hatsi. Akwai shekarar da kuɗinsa ba ya hawa sosai, ko don damina ta yi kyau ko'ina, ko don gwamnati ta fito da nata tana sayarwa da rahusa. Ku saya da niyyar ci, riba idan ta zo alhamdu lillahi. Ku duba hatsin ya bushe sarai, ku auna a gaban kowa, a rubuta.

Na uku, ku raba asusun taimako da asusun jari. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma kuɗin amalanke ko babur zuwa likita, da abincin mai jinya, da maganin da wani lokaci ake rubutawa a saya a waje, duk daga aljihu suke fita. Ɗan abin da aka ware domin wannan shi yake hana a kwana uku da yaro mai zafin jiki ana jiran aike. Idan kuma masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi suka zo da damina, a tabbata yaro ya shanye na kwana ukun, kowane wata.

Na huɗu, ƙungiyoyin da suka yi ƙarfi su binciki tsarin jinginar amfanin gona, wanda aka fara yaɗawa a Nijar tun wajen 1999: a ajiye buhuna a sito mai kwaɗo biyu, asusun ba da rance ya ba da kuɗi a kansu, a yi sana'a da rani, a biya, a karɓi buhuna lokacin da suka yi daraja. Amma kada shugaba ta sa hannu a takardar da ba a karanta wa kowa ba da Hausa ko da Tamajak, a ji nawa za a biya da ranar biya. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da maganar ƙari ba, a je tare a tambayi malamai, kada a bar ta da damuwa ita kaɗai.

Na biyar, idan an ba ƙungiya fili don lambu, ku nemi takarda. Tun dokar ƙasar noma ta 1993 aka tanadi kwamitocin filaye, kuma aikinsu ne su shaida kyauta ko aro ko saye a rubuce. Fako ba shi da mai shi sai ranar da mata suka mai da shi kore.

Abin da ya fi ƙarfin akwati

Kada mu ruɗi kanmu. Dala hamsin-hamsin ba ta gina hanya, ba ta haƙa fanfo, ba ta tare ƙorama, ba ta kawo ungozoma ko malamin lakkol. Waɗannan haƙƙinmu ne a kan hukuma. Da zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka matso da mulki kusa da mu, aka fara tsara ayyukan raya ƙasa a matakin ƙaramar hukuma. Amma sau nawa muka je aka ji bakinmu? Mace ɗaya idan ta je ma'aikatar magajin gari, za a ce ta dawo gobe. Wakilan ƙungiya goma idan suka je da buƙata ɗaya a rubuce, da sunan gari da yawan gidajen da rijiyar za ta amfana, za a ba su kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma littafin asusu yana buƙatar mai rubutu. Ƙungiyoyi nawa ne har yanzu suke aron ɗan lakkol ya rubuta musu lissafi? Ɗiyar da muka bari ta gama karatu ita ce sakatariyarmu ta gobe, ita ce za ta karanta mana takardar rance kafin mu dangwala yatsa. Idan kuɗin rabo zai sayi kwanon aure ko littafi, Inna, a dubi littafin tukuna.

Ƴan uwa, Yuli yana nan tafe, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Yau da tiya take araha, akwati kuma yake da nauyi, yau ce ranar shawara. Ku kai maganar nan zamanku na wannan mako, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a yi gardama a kanta. Ƙungiyar da ta gwada wata dubara, ko ta ci ko ta faɗi, ta aiko mana mu buga a fitowa ta gaba, don kuskuren wake da muka yi kada wata ta sake yin shi.

Allah ya sa albarka a abin da muka girbe, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, ya kai mu damina da rufin asiri. Amin.